Motocin Sarakuna da Ƙafafun Talakawa: Waiwaye Daga Aziziyya

Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Aziziyya ta Makka shekaru ashirin ko talatin da suka wuce zai tuna da su: zungura-zunguran motocin Amurka, Caprice da GMC, masu faɗin ƙirji da ƙugin inji, jere a bakin babban titi tun kafin assalatu. Direba ya zuro kai ta taga yana "Haram! Haram!", alhazai su duru ciki har ƙofa ta ƙi rufuwa, kowa ya miƙa 'yan riyalolinsa, a bi ta ramin dutse a ɓulla kusa da Masallacin Harami. Kujerunsu sun sha rana har sun tsattsage, an lulluɓe su da tsohuwar darduma. Ciki kuwa ƙamshin turaren wuta ne gauraye da warin fetur. A zuwana na baya-bayan nan na yi ta raba ido a titin, ban ga ko ɗaya ba. Sai manyan safa-safa masu sanyi, da ƙananan motocin Japan da Koriya da Sin waɗanda ake kira ta waya, su zo su tsaya a gabanka ba ka ko ji ƙararsu ba.

Na tambayi wani dattijo Bahaushe, haifaffen Makka, cikin waɗanda iyayensu suka zo a ƙafa suka zauna. Tuƙi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Na ce, "Baba, ina motocin nan naku suka shiga?"

Ya ce, "Tashlihi, ɗana. Can ake farfasa su a sayar da ƙarfen. Ba sa cin fahas, wato gwajin lafiyar mota, ga su da shan mai."

Gaskiyarsa. Kafin ƙarshen 2015 litar fetur mafi arha a Saudiyya ba ta kai rabin riyal ba, yau ta haura riyal biyu. Motar da ke kwankwaɗar mai ba ta da wurin zama. Amma sai Baba ya gyara zama ya ce mu yaran yanzu waɗannan muke kira tsofaffin motoci, alhali jiya-jiya aka yi su. Shi mahaifinsa ya ga motocin Sarki Abdul'aziz da idonsa, a zamanin da wannan unguwa mai ɗauke da sunan Sarkin take fili fetal, kwari tsakanin duwatsu, sai awakin Badawiyyai. Ya ce in ayarin Sarki ya taso daga Riyad zuwa aikin hajji, ƙura ake fara hangowa. Mahaifin nasa ya kwatanta masa yadda ake tayar da wasunsu da murɗa ƙarfe a gaba, da yadda ake rataya salkar ruwa a jikin mota iska na bugunta don ya yi sanyi, da yadda ake sace iskar taya in an shiga yashi, majiya ƙarfi su sa kafaɗa su tura.

Wace irin mota ce motar ƙasaita kafin Yaƙin Duniya na Biyu? Abin da zai fi ba mutumin yau mamaki shi ne ba a sayen ta a gama. Kamfani irin Rolls-Royce na Ingila inji da ƙashin mota da tayoyi kawai yake sayar maka. Daga nan sai ka kai wa masu gina bodi, irin su Hooper da Barker da Mulliner da Park Ward, waɗanda wasunsu tun zamanin keken doki suke sana'ar. Kamar dai yadda mutum ke yanko shadda ya kai wa maɗinki ya ce ga irin aikin da yake so a wuya da aljihu. Kafinta ya haɗa ƙwarangwal na katako, maƙeri ya yi ta bugun farantin alminiyom da guduma har ya lanƙwasa ya kwanta a kai, baduku ya ɗinka kujeru, mai fenti ya shafa ya goge, ya shafa ya goge, sau da yawa. Aikin kan ci watanni. Ana auna tsawon mai motar, a san inda gwiwarsa za ta tsaya, a ɗaga rufin yadda hularsa ko rawaninsa ba zai taɓa ba. Shi ya sa da wuya ka sami biyu iri ɗaya sak.

Akwai wani abu a ƙirar da ke faɗin halin zamanin fiye da kowane littafi. A yawancinsu an raba gaba da baya da gilashi. Mai gida na baya, kan kujerar ulu mai laushi, ƙafarsa a kan kafet. Direba na gaba kan kujerar fata, sau da yawa babu rufi a kansa, domin fata ce ke jure ruwan sama da rana. Wato kujerar fatar da muke tinƙaho da ita yau, a da ta bara ce. Motar an gina ta ne a kan cewa mutane hawa-hawa ne, kuma na gaba zai jiƙe don na baya ya isa a bushe.

Sunayen kuwa har yau suna da kwarjini a kunnen masu sha'awa. Silver Ghost ta Rolls-Royce, wadda ta yi suna tun 1907 saboda rashin ƙara da rashin lalacewa, ƙarfinta ya kai har a Yaƙin Duniya na Farko aka ɗora wa ƙashinta sulke aka shiga hamada da ita, aka yi yaƙi a kan layin dogon Hijaz. Sarakunan Indiya sun sayi ɗaruruwan motocin wannan kamfani. A Amurka an fito da Duesenberg J a 1928, mai ƙarfin doki 265. Ƙashinta da inji kaɗai dala 8,500, a lokacin da sabuwar Ford gamammiya ba ta wuce wajen dala 500 ba. Cadillac ta kawo inji mai silinda 16 a 1930. Jamus na da Maybach da manyan Marsandi, irin wadda aka aika wa Sarki Faruk na Masar kyautar aure a 1938. Wadda ta fi su duka girman kai ita ce Bugatti Royale ta Faransa: tsawonta ya haura mita shida, injinta lita 12.7. Don sarakuna aka ƙera ta, kuma babu sarkin da ya saya. Shida aka bari a duniya, uku kacal aka iya sayarwa, injinan da suka yi kwantai aka sa su jan jiragen ƙasa.

A daidai wannan lokacin, yaya alhaji ke zuwa Makka? In ya sauka daga jirgin ruwa a Jidda, tafiyar da ba ta kai kilomita tamanin ba takan ci masa kwana biyu a kan raƙumi, da zango a Bahra. Mai hali ya hau shukdufi, wato gadaje biyu da ake ɗaura wa raƙumi dama da hagu a yi musu rumfa, mutum biyu su daidaita nauyi. In ɗaya ya motsa ba shiri, ɗayan ya ji a jikinsa. Zuwa Madina kuwa sai an yi fiye da kwana goma. Dubban iyalai na Badawiyyai da dillalan raƙuma da masu saƙa shukdufi da wannan suke ci.

Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924, Jidda a ƙarshen 1925, kuma ba a jima ba motocin haya suka fara ɗaukar alhazai. Abin bai zo da sauƙi ba. Wasu daga cikin mayaƙansa, Ikhwan, sun lissafa mota da tarho da wayar tangaraho cikin bidi'o'in da suke tuhumar sa da su, kuma wannan na cikin saɓanin da ya kai su ga gwabzawa a Sabila a 1929. Masu raƙuma su ma sun ga abincinsu na sulalewa. Sai dai motar da ta karya kasuwar raƙumi ba Rolls-Royce ba ce. Ford ce da Chevrolet da 'yan uwansu, masu arha, masu tsawon ƙafa, waɗanda in sun lalace a jeji ana iya ɗaure su da waya a ƙarasa. Baturen nan Philby, wanda ya musulunta ya zama na kusa da Sarki, dillancin Ford ya riƙe a Jidda. Su manyan motocin suna da nauyi, yashi ba ya ƙaunar su, kuma in wani ƙarfe ya karye sai an jira jirgin ruwa daga Turai.

Akwai zaren da ya ɗaure tarihin waɗannan motoci da na wannan ƙasa wanda ba kowa ke lura da shi ba. Karyewar kasuwannin duniya ta 1929 ita ta kashe zamanin motar ƙasaita: Duesenberg ta rufe a 1937, Pierce-Arrow a 1938, masu gina bodi suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan karayar ce kuma ta hana manoman Jawa da Indiya kuɗin guzuri. Alhazan da ke zuwa daga ƙetare, waɗanda suka haura dubu ɗari a ƙarshen shekarun 1920, suka faɗo zuwa wajen dubu ashirin a 1933. A lokacin kuwa kuɗin shigar ƙasar a kan alhazai ya dogara. Baitulmali ya bushe, kuma a cikin wannan matsi ne aka sa hannu da kamfanin Standard Oil na Kalifoniya a watan Mayu na 1933. A watan Maris na 1938 mai ya ɓulɓulo a rijiya ta bakwai a Dammam. Da wannan man aka fasa duwatsun da suka raba Aziziyya da Harami, da shi aka shimfiɗa titunan da muke bi. Haka Allah ke lamarinsa.

Mafi shaharar motar wancan zamani da ta shigo Saudiyya bayan yaƙin ta iso. A watan Fabrairu na 1945 Sarki Abdul'aziz ya gana da Shugaba Roosevelt na Amurka a cikin jirgin ruwan yaƙi a Masar, bayan kwana uku ya gana da Churchill na Ingila a Fayyum. Roosevelt ya ba shi jirgin sama, DC-3, wanda ya zama harsashin kamfanin jiragen Saudiyya. Churchill ya yi alkawarin mota. Amma yaƙi ya tsayar da ƙera motocin alfarma a Ingila, saboda haka abin da aka aiko a 1946 Phantom III ce, samfurin da aka yi guda 727 kacal tsakanin 1936 da 1939, mai silinda 12, aka gina mata sabon bodi. Marubuta tarihi sun rawaito cewa Sarkin bai more ta ba. Shi mutum ne mai son zama a gaba, sitiyarin kuma a dama yake irin na Ingila, ke nan sai ya zauna a hagun direbansa, abin da bai dace da martabarsa ba. Sai ya ba ƙaninsa. Ita wannan mota tana nan an adana ta a cibiyar tarihin Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, kusa da fadar Murabba. A ganina waɗannan kyaututtuka biyu sun nuna inda duniya ta dosa. Jirgin ya hayayyafa har ya kwaso miliyoyin talakawa zuwa Ɗakin Allah. Motar ta tsaya inda take, mutum ɗaya aka yi wa ita.

To mu fa, ina muke a wannan labari? Manyanmu sun ga waɗannan motoci. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta hanyar Ingila, a jirgin ruwa. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi nasa a 1937, shekarar da ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a nan Makka. Fadojinmu su ma sun shiga sahun masu Rolls-Royce, kuma mutanen Kano sun san tsohuwar da akan fito da ita daga Gidan Rumfa. Amma galibin Hausawan da suka zo nan kafin yaƙin, ƙafa ce motarsu. Mutum ya yi sallama da gida, a yafi juna, wani ma ya raba abin da ya mallaka, don ba a sa ran dawowarsa. A bi ta Borno, a ratsa Chadi, a shiga Darfur, a tsaya a gonakin audugar Jazira a yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu a tara guzuri, sannan a gangara Sawakin a ƙetare Bahar Maliya a kwalekwale. Wani shekara uku, wani bakwai, wani ya haihu a hanya, wani a binne shi a hanya. Zuriyar waɗanda suka tsaya su ne Hausawan Sudan na yau, zuriyar waɗanda suka iso suka zauna su ne mutanen unguwannin Jarwal da Misfala da Shara Mansur a Makka. In motar Sarki ta wuce su a hanyar Mina, abin da ke kaiwa gare su ƙura ce.

Motar da ta sauya wa Bahaushe hajji babbar mota ce mai bodin katako. A ƙarshen shekarun 1940 'yan kasuwar Kano irin su Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kassim suka shiga jigilar maniyyata ta ƙasa zuwa Sudan, kuma sunan ƙungiyar da aka kafa don wannan aiki, WAPA, shi ne har yau yake kan wannan yanki na Fagge da ake canjin kuɗi. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Benci ne na katako, ga kwalla da buhun gero da buta, ga karen mota maƙale a baya da wejinsa, a kafe a laka a sauka a tura. Babu mai kiran wannan ƙasaita. Amma ita ce ta sa tsoho ya fara sa ran zai je ya dawo ya tarar da jikokinsa.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai ina tuna bara, kuma na ji daɗin bana. Na ga wata dattijuwa, daga shigarta da maganarta ta ƙauyukan Katsina ce, ta hau safa a Aziziyya da tsakar rana. Ta zauna kusa da taga, ta ɗora jakarta a cinya, ta miƙa tafin hannunta sama wajen ramin da sanyi ke fitowa, ta jima a haka tana hamdala. Sanyin da ke sauka a hannunta, Sarki Abdul'aziz bai same shi a motocinsa na wancan zamani ba, sarakunan Indiya ma ba su samu ba. Tun 2010 akwai jirgin ƙasa tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Tun 2018 jirgin Haramaini na kai mutum Madina cikin awa biyu da 'yan kai, tafiyar da raƙumi ke yi a fiye da kwana goma. Wanda kuma ke ganin wannan sangarta ce, ya tuna hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda ba su da izini, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana ba inuwa ba mota. Allah Ya jiƙansu. A wannan kwari, kujera a cikin safa tana iya zama tsakanin rai da ajali. Ba zan musanya wannan da dukan motocin alfarmar duniya ba.

Amma an yi asara, kuma ba ƙarama ba. Baba ya nuna mini hannunsa, yatsun duk tabon ƙuna da yanka. Ya ce a da in mota ta yi tari, kunne yake karawa ya san ko fulogi ne ko kafireto, ya kwance ya hura ya wanke da fetur ya mayar, a ci gaba da tafiya. Ya ce, "Yanzu ka buɗe boneti, roba ce rufe da komai. Sai an kawo kwamfuta ta faɗa maka ciwon, sannan a cire abin a jefar a sa sabo." Motocin kafin yaƙi, duk da girman kan da ke cikinsu, an yi su ne don a gyara su, a gāda su. Da yawansu suna tafiya har yau bayan shekara tamanin da casa'in. Na yanzu kuwa shekara goma sha biyar ta ishe su zama kayan tashlihi. Sana'ar hannu ta tafi, sanin abin da kake hawa ya tafi. Haka kuma sabon da ke tsakanin direba da fasinja: a cikin tsohuwar GMC ɗin nan kafin a fita daga ramin dutse ka san garin wanda ke matse da kai, direba ya gane Hausarka ya tambaye ka labarin damina. A motar da ake kira ta waya, sau da yawa sallama ce farkon magana kuma ita ce ƙarshe. Ita kanta Aziziyya ta kama wannan hali. Dogayen benaye ne da ke cika maƙil na 'yan makonni, da an watse daga Mina su koma kufai har wata shekara.

Sannan kada mu manta da waɗanda kowane sauyi ke turewa gefe. Mota ta ture mai raƙumi, safa da waya sun ture irin su Baba. Tun da aka hana ƙananan motoci shiga Mina da Arfa a ranakun hajji, aka kuma tsaurara dokar ɗaukar fasinja, cunkoso ya ragu, rayuka sun tsira, dokar kuma daidai ce. Amma akwai gidajen da a kan waɗannan 'yan kwanaki suke samun abincin shekara, kuma da yawansu namu ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda muke da ikon gyarawa. Turawa sun adana motocin attajiransu, kowace da takardar wanda ya gina ta da wanda ya fara hawa. Saudiyya ta adana na Sarkinta. Mu kuwa tsofaffin motocin fadojinmu da na attajiran farko, in ban da ƙalilan, sun ruɓe a bayan gida kaji na ƙwai a ciki, ko 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Ita kuwa babbar motar katakon da ta kai kakanninmu Sudan, wadda ta fi kowace Rolls-Royce haƙƙi a kanmu, ba mu ɗauke ta abin ajiyewa ba tun farko. Mun ɗauka tarihi sai takobi da sirdi da alkyabba.

Ina kira ga masarautunmu da gidajen tarihi irin Gidan Makama, da zuriyar waɗancan 'yan kasuwa na Kano, da su binciki abin da ya rage a gareji da zaure da akwatin hotuna, su fito da shi a gyara a ajiye inda yara za su gani. Kai kuma alhaji ko hajiya da Allah zai kai Makka bana, in ka haɗu da tsohon Bahaushen da aka haifa a can, ka zauna ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi yadda mahaifinsa ya iso, ka naɗi muryarsa a wayarka in ya yarda. Waɗanda suka ji labarin daga bakin masu shi saura kaɗan.